Kwamfutar da Ka Bari a Sume

Zuwa ga maigidana, Baban Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da ladabi irin wanda mace take yi wa mijinta, ina fatan ƙasa ta yi maka sauƙi, ka kuma dace da maƙwabta na gari. In tambayata kake yi, ina nan da rai a Ɗanzomo, gidan Baba, cikin ɗakin da aka ɗauko ni aka kai maka. Da biro nake rubuta wannan, ni da hannuna ya manta biro, saboda haka ka yi haƙuri da rubutun.

Na san gidan waya ba ya kai takarda inda kake. Maganar ce ta cika min ciki, kuma duk wanda na fara yi wa ita a garin nan sai ya tare ni da "sai haƙuri" tun ban kai rabi ba. Kai ne kawai yanzu ba za ka katse ni ba, kai da ba ka taɓa bari na kai aya ba lokacin da kake da baki. Wanda takardar ta faɗa hannunsa ya karanta, ba asiri ba ne. Maganar yaranmu ce, Ummi da Abba, da maganar kwamfutarka, don ashe magana ɗaya ce.

Ka tuna yadda ta shigo gidanmu na haya a Gumel. Ka sayar da gonar da ka gada a Sule Tankarkar, ka tafi Kano ka dawo da ita cikin kwalaye, ta hannu ce amma tana sheƙi. Yaya Alhaji, wanka mai fataucin shanu a Maigatari, ya zo ya zagaya ta hannuwa a baya, ya ce, "An sayar da ƙasa an sayo akwati." Ka yi dariya. Ni ban yi ba, don a raina na fi karkata wajensa.

Amma akwatin ya riƙe mu, wannan ko shi bai musa ba. Na ajiye aikin tafireta na ofis, na zauna a ɗaki ina buga wa ɗaliban kwaleji takardun kammala karatunsu, ana miƙo min ta zaure. Albashinka yana zuwa ne in ya ga dama. Haya, makarantar Ummi, maganin Abba duk sanda ƙirjinsa ya tashi, daga yatsun nan nawa suke fita.

Kai kuwa ba ka iya ganin abu yana aiki ka ƙyale shi. Ka raba cikinta biyu. Ɓangarena shi ne mai launi, inda nake buga takardu. Ɓangarenka baƙi ne wuluk, sai fararen haruffa, wani abu ne wai shi Linux, wanda abokin aikinka Mista Bulus, mutumin Filato, ya kawo maka a faifai. In an kunna ta, wani ɗan rubutu ne yake fara fitowa ya tambayi ɓangaren da za a shiga. Shi kake kira mai gadi.

Sai kuma ka taso da maganar kanel. Ka zaunar da ni ina tsinken zogale, ka ce kanel shi ne zuciyar ɓangarenka, shi yake magana da ƙarafan cikinta. Wanda ya zo a faifan, in ji ka, an ɗinka shi ne don kowa da kowa, ya yi wa injinmu nauyi, za ka rage masa kaya ka haɗa naka. "Rigar kanti ce," ka ce, "ni kuwa ɗinkin tela nake so." Na ce rigar kantin ta taɓa hana ka zuwa Juma'a? Ka ce ba zan gane ba. Na gane sarai, Malam. Ƙaiƙayin hannu ne kawai.

Ranar Asabar ɗin nan wuta ta zo tun da safe, abin da ya kamata ya zama rabona, ga aikin ɗalibai jibge a kan tebur. Ka ce in ara maka ita zuwa hantsi. Ta yi ta zubo rubutu har azahar, har la'asar, kana tsaye a kanta kamar mai jiran tukunya ta tafasa, ka hana ni ko jona dutsen guga. Da ta gama ka tafa hannu, ka ce saura abu ɗaya, ka sanar da mai gadi inda sabon yake. Kana cikin sanar da shi aka ɗauke wuta.

Da aka dawo da ita washegari ka kunna. Harafi biyu suka fito a saman baƙin gilashi, L da I, suka tsaya cak. Ba ɓangarenka, ba ɓangarena. Ka kashe ka kunna, ka kashe ka kunna. Na tsaya a bakin ƙofa riƙe da ƙugu, ka juyo ka ga fuskata, ka yi murmushin nan naka na wanda ya san ya yi ɓarna. "Suma ta yi, ba mutuwa ba," ka ce. "Bari in dawo daga Gagarawa in yayyafa mata ruwa."

Litinin ka hau babur za ka Gagarawa duba rijiyar burtsatse ta wajen aikinku. Na bi ka har zaure ina cewa ka dawo da wuri, ɗalibai sun fara min sintiri. An ce babbar mota ce, ta kauce wa rami ta hau hannunka. Da azahar aka shigo min da hularka da takalmi ƙafa ɗaya. Kafin magariba an kai ka.

Na shiga takaba. Gwaggo Delu, ƙanwar mahaifinku, ta zo ta shimfiɗa tabarmarta a ɗakina don ta zauna da ni. Yaya Alhaji ya kafa doka irin wadda aka saba: ko tsinke kada ya fita daga gidan sai an raba gado. Da aka share makoki ya zauna a zaure ya sa aka kira ni, na durƙusa a bayan ƙyaure. Bai yi kwana-kwana ba. Ya ce mace ba miji ba sana'a ba ta zaman gidan haya. In na fita takaba in koma Ɗanzomo, Ummi da Abba su dawo hannunsa a Maigatari.

Na ce Yaya, ina da sana'a, da ita muke ci tun yana raye. Ya ce, "Wacce? Wadda ta riga mai ita kwanciya?" Can ya nisa ya ce to, in ta tashi kafin ranar rabo, sai a yi magana. Da wannan kalmar na koma ɗaki, na riƙe ta da hannu biyu.

Ɗalibai suna zuwa ta'aziyya, su yi addu'a, sannan a hankali su tambayi Gwaggo ko takardunsu suna nan. Mai gyaran talabijin na bakin tasha ya aiko cewa maganin abin ɗaya ne, a zubar da duk abin da ke cikinta a wanke ta tas. Na ce a gaishe shi.

Mista Bulus ya zo gaisuwa, aka ce min ya zauna a zaure yana kuka kamar yaro, har liman ya riƙa ba shi haƙuri. Da ya ji halin da ake ciki ya aiko cewa zai iya gwadawa. Sai dai kwamfuta ba ta fita, shi kuma ba ya shiga ɗakin mai takaba. Muka rasa ta inda za a ɓullo. Gwaggo ce ta warware, tana tauna goro. "Ido aka hana," ta ce, "ba a hana kunne ba."

Ka san tagar bayan ɗaki, mai kallon lungu, inda darbejiyar nan take. Muka ja tebur zuwa gindinta, aka saki labule. In ya tashi daga ofis bayan la'asar, in an yi sa'a da wuta, sai ya zo ya tsaya a waje. Matarsa, Madam Rifkatu, tana rako shi ta tsaya gefe da lema, don kada bakin unguwa ya samu abin ci. Ni ina ciki a gaban madannai, Gwaggo tana bayana da carbi. Shi bai ga gilashin ba ko sau ɗaya. Ni nake karanta masa abin da ya fito, shi yake faɗa min abin da zan buga.

Da farko ya ce in nemo ƙaramin faifan ceto, wanda ake ta da inji da shi in mai gadi ya ƙi. Ya ce ba yadda za a yi a ce ba ka yi ɗaya ba. Ka yi kuwa. Na same shi a gwangwanin madara a saman kabad, dab da kwanon rufi, inda zafin bazara ya dafa shi shekara guda. Na zura shi, ta yi gurnani, ta yi gurnani, ta yi shiru. Wurin ajiya ke nan na mai ilimi.

Sai an yi sabo, kuma injin da zai iya yin sa yana Kano wajen wani abokin Mista Bulus. Lokacin man fetur ya yi wuya, motoci suna kwana a layi. Aka yi sadakar arba'in bai samu tafiya ba. Da ya je ya dawo kuma, taransifomar unguwarmu ta ƙone. Kullum na ji tsayuwar mota a ƙofar gida sai in ce Yaya Alhaji ne ya zo da masu rabo. Abba yana tambayata yaushe Baba zai dawo daga Gagarawa. Ummi ba ta tambayar komai, sai ta zauna ta ƙura wa akwatin ido, don ta ji abin da aka faɗa a zaure.

A cikin jiran nan Mista Bulus ya faɗa min akwai gajeriyar hanya. Ana iya korar mai gadinka gaba ɗaya, ɓangarena ya buɗe ranar da wuta ta dawo, amma ƙofar naka ɓangaren za ta toshe. Na ce a'a. Gwaggo ta ajiye carbi ta ce, "Ke 'ya'yanki kike nema ko kayan wasan mijinki?" Gaskiya ta faɗa, kuma ta yi min zafi. Amma rigunanka an riga an ware na sadaka, babur ya zama ƙarfe, ƙamshinka ya bar matashi. Wannan baƙin ɓangaren ne kawai wurin da ya rage wanda hannunka ne na ƙarshe a kai. Na kasa cewa a toshe shi.

Ranar da wuta ta dawo, aka miƙo sabon faifai ta ƙarƙashin labule. Ya kama. Rubutu ya riƙa gudu, sannan ya tsaya yana jirana. Mista Bulus yana faɗa min harafi harafi, "m ta masara, o ta omo, bar fili ɗaya." Ya gargaɗe ni cewa a nan fili ɗaya in ya zauna ba daidai ba yana iya cinye komai. "Madam, kafin ki danna, karanta min," haka yake cewa kowane layi. Ni da nake buga shafi ina hira ba tare da na kalli hannuna ba, na koma da yatsa ɗaya.

Injin ya yi ƙorafin cewa ɗauke wutar nan ta bar cikinsa a hargitse, ya yi ta jero tambayoyi, ina amsa masa da e har na gaji. Muka sake sanar da mai gadi abin da ka fara sanar da shi. Na zare faifan, na yi bisimilla, na kunna. L ta fito, I ta fito, sai ga sauran haruffan sun biyo su. Rubutu ya ɓalle da gudu. Gwaggo ta fara hamdala. Sai ya tsaya, ya rubuta wata kalma da Mista Bulus ya ce ma'anarta firgita, ya ƙame a nan.

Ya ce in karanta masa layukan sama ɗaya bayan ɗaya. Na karanta. Sannan na ji ya yi wata dariya mai kama da kuka. Ya ce garin rage kaya ka cire har abin da kanel yake ganin faifan cikin injin da shi, ya tashi ya rasa gidansa. "Oga ya rage riga har ya ɗinke wuya," in ji shi. Wato ko ba a ɗauke wuta ba, ɗinkin naka ba zai saku ba.

Malam, ban taɓa jin haushinka irin na ranar ba. Ka karɓi wutar Asabar ɗina, ka kwantar da abincin 'ya'yanka, ka hau babur ka tafi, duk a kan abin da ma bai yi ba. Na faɗa da ƙarfi, a cikin takabarka, cewa ka cuce ni. Gwaggo ta ce in yi istigfari, ba a faɗa da na ƙasa. Na yi istigfarin, amma haushin bai tafi ba sai da na yi kuka.

Washegari ya ce saura dabara ɗaya. Mai hankali ba ya yar da tsohon kanel sai ya ga sabo ya tashi, in duba ko ka ajiye. Muka sake shiga da faifan, ya faɗa min inda zan leƙa. Ina karanta masa sunaye na Turanci, sai na ci karo da ɗaya na ce masa wannan kam Hausa ce, an rubuta "tsohuwa". Ya ce ita ce. Ya ce duk duniya da Turanci ake sa wa abin nan suna, sai kai.

Gyara takardar mai gadi ya ci mana yammacin nan kaf. Abin rubutun ɓangarenka ba ya jin magana, in na buga harafi sai ya goge wani, na shiga na kasa fita, Mista Bulus yana ta ba ni haƙuri ta bayan labule kamar shi ya ƙera shi. Daga ƙarshe muka nuna wa mai gadi tsohuwa. Na kunna. Ya fito ya yi tambayarsa kamar bai taɓa suma ba. Na shiga ɓangarena, ga takardun ɗalibai reras, ba wadda ta yi ciwon kai. Madam Rifkatu ta ce, "Mun gode Allah."

Kafin su tafi ya shigar da ni ɓangarenka, ya ce in na danna kibiyar sama zan ga abin da ka buga a baya. Da suka tafi na danna. Layukanka suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, na Asabar ɗin nan. Ban san ma'anarsu ba, amma na san hannunka. Ga inda ka juya haruffa biyu, kamar kullum, don da yatsa biyu kake bugu kuma ka ƙi in koya maka. Ga inda ka sake bugawa daidai. Na yi ta dannawa ina komawa baya har aka kira magariba.

Na aika wa Yaya Alhaji da albishir. Ya zo da wani dillali na Maigatari wanda ya san kayan wuta, da liman. Na buga sunayen yara a shafi guda, na sa firinta ta fitar, sannan na shige ƙuryar ɗaki, Yaya da kansa ya shigo da su. Ina jin kukan firintar ina jin kamar guɗa ce. Yaya ya ce ikon Allah, ya sake cewa ikon Allah. Na ce a raina shi ke nan, mun tsira.

Suka koma zaure yin ƙiyasi, ni ina bayan ƙyaure. Aka bi gado da kujeru da rediyo da gawar babur. Da aka zo kan kwamfutar dillalin ya faɗi kuɗinta, ashe ta fi duk sauran kayan a haɗe. Ya ƙara da cewa, yana dariya, ba da wata manufa ba, "Da a mace na same ta, cikin tarkace zan sa ta, a bar wa mai ɗaki tare da tukwanenta."

Yaya Alhaji ya yi magana a hankali. Ya ce akwai rabon Hajiya mahaifiyarku, akwai nawa, dole a fitar. Sauran na marayu ne, kuma shi Allah zai tambaya. Ba zai bar dukiyar marayu a cikin abin da ya gani da idonsa ya suma ba ciwo ba, abin da likitansa mutum ɗaya ne a ƙasar Gumel, shi ma ma'aikaci ne da takarda ɗaya za ta ɗauke shi. "Saniya ko ta faɗi, a yanka a sayar da nama," ya ce. "Wannan in ta faɗi me za a yanka?" Liman ya ce wannan ita ce maganar da ta fi kusa da tsoron Allah.

Na manta da kunya na ɗaga murya. Na ce Yaya, kai ka ce in ta tashi za a yi magana. Ya ce, "Ai ga shi muna yi, Zulai." Na roƙa a bar min ita a rabona. Tumunina bai kai ko firintar ba. Na ce a bar ta a hannuna in riƙa juya wa yaran, ya ce in ta sake suma fa, wa zai tsaya gaban Allah, ni ko shi? Ni ma kuwa na ga yadda ta suma.

Kada ka ɗauka ƙarar wanka nake kawowa. Bai ci ko ƙwandala ba, kuma na san da ya ga hanya da bai raba ni da su ba. Da mugu ne da na samu wanda zan tsana, da abin ya fi min sauƙi.

Wani mutumin Damagaram ya saya, mai cike wa 'yan kasuwa takardun kan iyaka, yana ta kiranta ordinatar da Faransanci. Sharaɗinsa ɗaya, a ba shi ita ba komai a ciki. Na kwashe wa ɗalibai aikinsu a faifai na sallame su. Mista Bulus ya ce in bari shi ya goge ta in an kai Maigatari. Na ce a'a, ni na tashe ta, ni zan yi. Ya zo taga zuwa na ƙarshe ya faɗa min layin, gajere ne ƙwarai. Na karanta masa kamar yadda muka saba. Bai amsa ba. Na sake karantawa, sai Madam Rifkatu ce ta ce, "Daidai ne, in ji shi." Na danna. Bai kai tsawon alwala ba.

Da na fita takaba na miƙa mabuɗin gida. Akwai waɗanda suka ce in je wajen alƙali, shari'a za ta ba ni riƙon yarana. Wataƙila. In kawo su Ɗanzomo su ci me? Damina ba ta yi kyau ba, Baba ya tsufa, rumbu rabi ne, maganin ƙirjin Abba kuwa sai Gumel. Na haɗa musu kayansu da hannuna, na sa su a motar Yaya. Ba a daɗe ba aka yi wa Mista Bulus canjin wurin aiki, yadda Yaya ya faɗa.

Ranar da Gwaggo za ta tafi tana naɗe tabarma ta ce, ba ta kalle ni ba, "Da kin bar ta ta yi ta barcinta har a gama rabo." Tun ranar nake juya maganar. Da na sani, zan iya yin shiru in bar su su ƙirga ta a tarkace, in tashe ta bayan sun tafi? Haƙƙin Hajiya yana ciki, haƙƙin marayu yana ciki, ko da marayun nawa ne. Wata rana in ce ba zan iya ba. Wata rana, in na ji yaran maƙwabta suna dawowa daga makaranta, in ce wallahi da na yi. Kai da ka iya bayani, da kana nan da ka faɗa min wanne ne.

Makon jiya na je Maigatari. Yaya ya tarbe ni da mutunci, ya kai ni har garke ya nuna min karsana biyu da aka saya wa yaran, ɗaya ma ta haihu. Yana nuna min ɗan maraƙin yana murna, kuma murnarsa ta gaskiya ce. Yaran sun yi ɓulɓul, suna makaranta, ƙirjin Abba ya lafa. Ka kwantar da hankalinka ta wannan wajen.

Abba da ya gan ni ya ɓuya a bayan matar Yaya, yana leƙe. Ummi ta yi tsawo. Ta kawo min ruwa a kofi da hannu biyu, ta durƙusa daga bakin ƙofa ta ce min sannu da zuwa, ya hanya, ya mutanen gida. An koya mata tarbiyya, ba abin da za ka kushe. Na miƙa hannu in jawo ta, ta ɗauka kofin nake miƙo mata, ta karɓa. Sannan ta tambaye ni cikin ladabi, yau zan koma ko sai gobe, don a san yawan tuwon da za a tuƙa.

Na ce yau. Ta ce Allah ya kiyaye hanya.

Allah ya jiƙanka, Malam, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka makwancinka. Ni na yafe maka, duniya da lahira, kai ma ka yafe min abin da na faɗa cikin fushi. Allah ya raya Ummi da Abba, ya saka wa mai riƙonsu da alheri, ya saka wa Mista Bulus da matarsa duk inda suke. Ya ba ni haƙurin da kowa yake ce min in yi. In tawa ta zo, ya sa in cika da imani, ya haɗa mu a inda ba a raba kowa da nasa.

Ni ce matarka,
Zulai